Sabon shiga a wasan jifan faifai: da wane faifai kuka fara, kuma a wane fili?

Ɗalibi a Oulu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ke nan da zuwana Finland karatu. Bayan gidanmu akwai ɗan kurmi, kullum da yamma sai in ga yara da manya suna wurga faifan roba zuwa wani kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi, wanda ya zura da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. A nan frisbeegolf suke ce masa. Abokin ɗakina ya ba ni na gwada, wasan ya shiga raina. Da na je kanti sai na tarar da bango guda cike da faya-fayai, kowanne da lambobi huɗu a jikinsa, na dawo hannu rabbana. Don Allah waɗanda suka riga ni, da me kuka fara?

Yaya daga Tampere: Wa alaikumus salam ƙanena. Ni da na fara, na ɗauka babbar lamba ita ce nisa, sai na sayi faifai mai kaifin baki, lambarsa ta farko 12. Duk ƙarfin da na sa, bai wuce mita arba'in ba sai ya kwanta hagu ya caki ƙasa. Sati uku ina haka har kafaɗata ta fara ciwo. Wani dattijo da muke haɗuwa a filin ya tsaya ya kalle ni, ya zaro wani tsohon faifai mai kaurin baki daga jakarsa, ya ce in jefa a hankali, kada in sa ƙarfi. Wallahi ya tafi ɗoɗar kamar an ja zare, ya wuce inda nawa ke faɗuwa.

Shi ya fahimtar da ni lambobin. Ta farko, daga 1 zuwa 14, gudun da faifan ke bukata ne daga hannunka kafin ya tashi yadda aka ƙera shi. In hannunka bai kai ba, faɗuwa hagu kawai zai yi. Ta biyu daɗewarsa a iska. Ta uku yadda yake karkata dama lokacin da yake da ƙarfi, ta huɗu kuma yadda yake komawa hagu in ƙarfin ya ƙare. Wannan ga mai jifa da dama ta bayan hannu ke nan, bahago sai ya juya lissafin. Ka nemi wanda lambarsa ta farko ba ta wuce 6 ko 7 ba, ta uku -1 ko -2, ta huɗu 0 ko 1. Ni faifan Buzzz na kamfanin Discraft na koma, 5, 4, -1, 1, har yau yana jakata.

Maman yara a Minisota: Ɗan'uwa, ka duba nauyi ma, ana rubuta shi a bayan faifan. Yawancin na kanti giram 170 zuwa 175 ne. Ni da 'ya'yana masu giram 150 muka saya, sun fi mana daɗin hannu, sai dai in ana iska suna wahalarwa. Kuma kada ka sayi kore ko baƙi. Ɗiyata ta zaɓi kore, ranar farko ya shige ciyawa, muka yi ta nema har magariba ta kawo kai, tana kuka. Yanzu ruwan hoda da ruwan lemo kawai muke saye, mu rubuta lambar waya a baya. Sau biyu ana kiranmu a dawo mana da wanda ya ɓata.

Malamin lissafi a Talin: Ni shawarata faifai ɗaya tak, na zura kwando, irin Aviar. Wata guda ka yi da shi. Ba ya ɓoye kuskure, in ka murɗa wuyan hannu nan take za ka gani.

Yaya daga Tampere: Malam, gaskiyarka ta fuskar koyo, amma ina tsoron yaro ya gaji. Kamfanin Innova na sayar da guda uku a kwali ɗaya, Aviar da Shark da Leopard, na kusa da na tsakiya da na ɗan nesa, kuma da araha. Ya fara da biyun farko, Leopard ya jira.

Baƙo a Kalifoniya: Batun fili ba a taɓa ba sosai. Ni zumuɗi ya kai ni Oak Grove kusa da Fasadina tun a makon farko, don na ji a nan Ed Headrick ya kafa fili na farko a 1975. Na ji daɗin ganin wurin, amma rabin jifana a jikin itatuwa ya ƙare, ga ƙwararru a bayana suna jira in gama. Daga baya na samu ƙaramin fili mai kwando tara, fetal, ba tafki ba kurmi, tsakanin wurin jifa da kwando bai kai mita saba'in ba. A nan hannuna ya faɗa. Manhajar UDisc tana nuna filayen da ke kusa da kai da tsawon kowane zango, ka duba kafin ka fita. In wasu sun cim maka, ka matsa su wuce, kuma kada ka saki faifai matuƙar akwai mutum a gabanka. Bakin faifan jifan nesa yana fasa goshi.

Maman yara a Minisota: Na manta, ka sa dogon wando saboda kaska, ka duba jikinka in ka koma gida.

Ɗalibi a Oulu: Allah ya saka da alheri. Jiya na sayi na kusa da na tsakiya, duka ruwan lemo, giram 165. Na samu fili mai kwando tara, minti goma a keke. A zango na shida na ji sarƙa ta yi kacau daga mita takwas, sai da na tsaya na daɗe ina kallon kwandon. Yaya, in ƙanƙara ta rufe ƙasa fa, ana ci gaba?

Yaya daga Tampere: Ana yi ƙanena. Ka liƙa siririn ƙyalle mai tsawon kamu biyu a tsakiyar faifan, in ya nutse ƙyallen zai tsaya a sama. Ka fita da rana tsaka, don a Oulu cikin Disamba hasken kusan awa huɗu ne kawai.