Lambun bayan gida a Daura: yaya zan raya shi daga damina har bazara?

Tambaya daga wani magidanci a Daura

Assalamu alaikum. Ina gaida manya da sauran 'yan'uwa. Shekara uku ke nan da na kewaye wani fili a bayan gidana, a gefen garin Daura ta hanyar Mai'adua, tsawonsa ƙafa 30, faɗinsa ƙafa 20, da niyyar iyalina su rage sayen kayan miya. Da damina ba ni da abin cewa sai godiya, domin rama da yakuwa da kuɓewa da alayyafo suna yi har mu ba maƙwabta. Matsalar tana farawa ne da zarar ruwa ya ɗauke. Ƙasar jigawa ce, idan na zuba mata jarka huɗu da safe, kafin azahar sai mutum ya rantse ba ta ga ruwa ba, ga shi ba ni da rijiya, wurin 'yan garuwa nake saye. Bana na dasa tumatir a ƙarshen Janairu, ya yi ganye ya yi fure, amma da Maris ya shigo sai furen ya riƙa kakkaɓewa, da na ƙara masa yuriya don ya farfaɗo kuma sai ganyen ya ƙone. Gara kuma ta cinye dangar karan da na yi. Yanzu muna cikin Afrilu, lambun ya koma fili. Ina roƙon masu sani su nuna mini inda na kuskure, da abin da ya kamata in riƙa yi a kowane lokaci na shekara.

Amsar wani dattijo mai noman rani a Ajiwa

Wa'alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi wa wannan niyya taka albarka. Tumatirinka ba rashin taki ne ya kashe shi ba, makara ka yi. Tumatir ɗan sanyi ne, kuma idan zafin bazara ya kama, musamman lokacin da dare ma ba ya hucewa, furensa ba ya ɗaukar 'ya'ya ko da a bakin dam ka dasa shi. Mu a nan muna zuba iri ne tun cikin Satumba ko farkon Oktoba, ya yi kamar mako huɗu zuwa biyar a wurin reno, mu dasa shi a kaka, ya yi furensa cikin ɗarin Disamba da Janairu, kafin Maris mun ci mun sayar. Albasa ma kusan haka take, sai dai renonta ya fi daɗewa. Latas da karas da kabeji da lansir duk na wannan lokacin ne. Wanda ya dasa su bayan Janairu, kuɗin ruwansa kawai zai yi asara.

Amma abin da na fi so ka riƙe shi ne maganar ƙasar, domin ita ce tushen wahalarka. Jigawa ba ta riƙe ruwa, ba ta kuma riƙe takin zamani. Kamfa ko yuriya da ka zuba, ban-ruwa biyu ko uku ya isa ya gangara da su ƙasa inda saiwa ba ta kai ba, wanda ya rage kusa da gindi kuwa, idan ƙasa ta bushe, shi ne yake ƙona shuka kamar yadda ka gani. Maganin jigawa takin gargajiya ne, kuma wannan watan da kake ganin lambu ya mutu shi ne lokacin aikinsa. Ka haƙa rami a kusurwa, zurfinsa ya kai ƙugu, ka riƙa jera kashin awaki da tumaki, da sharar turke, da ƙaiƙayi, da busasshen ganye, da ɗan toka, kana yayyafa ruwa yadda zai yi danshi ba tare da ya jiƙe sharkaf ba. Duk bayan mako biyu ka juya shi. Idan ya yi baƙi, ya daina zafi, warinsa ya koma na ƙasa, to ya nuna. Kada ka zuba ɗanyen kashin kaji a gindin shuka, zafinsa yana ƙona ta. In taki bai ishe ka ba, ka haɗa da na juji. Idan kana son ganin abin da nake nufi, ka tsaya ƙarƙashin gawo a kowace gona tsakanin Daura da Zango, ka dubi launin ƙasar wurin da yadda gero yake fin na gefe tsawo. Ganyen da yake zubarwa da kashin dabbobin da ke hutawa a inuwarsa ne suka mayar da ita haka, shekara bisa shekara. Abin da kake son yi wa lambunka ke nan, kuma ba a shekara ɗaya ake gamawa ba.

Sai maganar siffar wurin shuka. Da damina ka yi kunya, domin marka ta Agusta tana ruɓar da saiwar tattasai da tarugu idan ruwa ya kwanta. Da rani kuwa ka rushe kunyar ka yi fangali mai zurfi kaɗan, yadda ruwan da ka zuba zai tsaya inda ka zuba shi, sannan ka rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa. Ban-ruwa kuma da yamma ya fi, bayan la'asar.

Bazara kuwa ba a ja da ita. Daga Maris zuwa saukar ruwa ka tattara ƙarfinka a fangali biyu kawai, ka sa alayyafo da kuɓewa, su ne masu jure zafi, kuma alayyafo cikin mako uku zuwa huɗu ka fara tsinka. Game da danga, ka nemi aguwa ka sassaro rassanta ka kakkafa yanzu kafin ruwa ya sauka, za ta kama da kanta, awaki ba su damu da ita ba, kuma za ta tare maka iskar hunturu ta gabas da arewa. Ka dai ja wa yara kunne a kan ƙaronta, kada ya shiga ido.

Amsar wata uwargida daga Ƙofar Sauri, Katsina

Malam, sannu da ƙoƙari. Baba ya gama magana a kan ƙasa, ni zan ƙara ne a kan ruwa, domin nawa lambun a tsakar gida yake kuma ni ma saye nake yi. Gidan da ke da mutum takwas ko goma yana zubar da ruwa mai yawa a rariya kowace rana ba tare da an lura ba. Na ajiye tsohon baho a wurin alwala, na kuma ce wa yara duk ruwan da aka wanke shinkafa ko gero ko ganye da shi a juye a bokiti ɗaya. Wannan kaɗai yana riƙe mini zogale da na'ana'a da gwanda guda biyu har ƙarshen bazara. Ruwan wanki mai omo ne ban yarda da shi ba, na taɓa gwadawa ƙasar ta yi fari-fari a sama, alayyafon ya tsumbure.

Akwai kuma dabarar da na gada wurin kakata. Ana samun ƙaramin tulu ko tukunyar ƙasa sabuwa, a binne ta har wuya a tsakiyar fangali, a cika ta da ruwa a rufe bakin, sai a shuka a kewaye da ita. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin tukunyar a hankali zuwa saiwa, rana ba ta shanye shi, kuma ni sai bayan kwana biyu ko uku nake sake cikawa.

Zogale kuma kada ka bar shi ya yi tsawo. Idan ya kai ƙirji ka sare kansa, zai yi rassa da ganye inda hannun uwargida zai kai. Ka kuma gaya mata, yalwar damina ba a barinta ta wuce: rama da yakuwa da lalo da zogale a shanya su a inuwa, kuɓewa a yayyanka a busar, domin miyar Afrilu da Mayu daga nan take fitowa. Kajin gida kuwa, ko ka killace su ko ka rufe wurin reno da tsohon gidan sauro, wanda zai kare maka irin daga ƙadangaru ma.

Amsar wani matashi da ya karanci aikin gona

Baba, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa haka yake, amma ina neman izini in yi gyara a wuri ɗaya. Takin jujin da kuka sani a da, toka ce da shara da kashin dabbobi. Jujin cikin gari na yanzu cike yake da leda da fasassun kwalabe da matattun batura, kuma ganyen da za a ci a gida bai kamata ya tsiro a kan irin wannan ba. Idan Yaya zai ɗebo, ya ɗebo na ƙauye ko na bakin turke, ya tankaɗe shi.

Yaya, akwai abu biyu da nake so ka duba. Na farko, idan ka tuge kuɓewa ko rama ko tumatir, ka dubi saiwar. In ka ga ƙulle-ƙulle kamar carbi, to akwai wasu ƙananan tsutsotsi da ido ba ya gani, waɗanda suka fi yawa a ƙasa mai yashi, kuma su ke sa shuka ta yi yaushi ko da an ba ta ruwa. Waɗannan ukun duk suna kamuwa, saboda haka kada ka maimaita su a wuri ɗaya. Ka raba lambun kashi huɗu, inda tumatir ya tashi a sa albasa ko masara. Na biyu shi ne tsutsar da manoma suke kira Sharon, wadda ta yi wa tumatir mummunar ɓarna a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa a 2016. Tana shiga tsakiyar ganye ta ci, ta bar farin tabo kamar takarda, kuma ta fi ƙarfi idan zafi ya fara, wanda wannan ma wani dalili ne na dasawa da wuri. A ƙaramin lambu kamar naka, tsinke ganyen da ya kamu a ƙone shi yana rage ta sosai. Za ka iya kuma daka busassun 'ya'yan bedi, wato dogon yaro, ka jiƙa su kwana, ka tace, ka fesa da yamma duk mako, tun kafin ƙwari su yi yawa. Ciyawar da za ka rufe ƙasa da ita tana jawo gara, don haka ka bar tazarar kamar yatsu huɗu tsakaninta da gindin shuka.

Mai tambaya ya dawo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, jiya na fara haƙa ramin, na kuma yi magana da wani maƙwabcina mai turken tumaki zai ba ni amalanke biyu. Hajiya, uwargida ta riga ta ajiye baho a wurin alwala, tukwane kuma zan sayo ranar kasuwa. Ƙanena, na tono tsohuwar saiwar kuɓewar bara da ta rage a ƙasa, kuma lallai na ga ƙulle-ƙullen da ka faɗa a ɓangaren yamma na lambun. Abin da nake son ƙarin bayani a kai shi ne ko in sa masara a wannan ɓangaren da damina mai zuwa sannan albasa ta biyo baya a kaka, ko kuwa in bar shi ya huta shekara guda ina zuba masa taki.