Ina neman kalmar Hausa ta median kafin Juma'a

Malamin Bronx:
Assalamu alaikum. Ina koyar da ƙididdiga ta matakin farko a wata kwalejin shekara biyu a Bronx, Amurka, ajin ɗalibai masu hazaƙa da ake ba ƙarin aiki. Akwai yaranmu 'yan Kumasi da Maraɗi a cikinsu, zan naɗa musu bidiyon bita da Hausa ranar Juma'a. Inda na cije shi ne mean da median. Kowa na tambaya sai ya ce "matsakaici" ga duka biyun, alhali darasin kacokan a kan bambancinsu yake. Mutum biyar suna samun dala 2, 2, 3, 3 da 40. Ka tara ka raba gida biyar, 10 ke nan, shi ne mean. Ka jera su ka ɗauki na tsakiya, 3, shi ne median. Mai 40 shi kaɗai ya ja na farkon sama, na biyun ko gezau. Shi ya sa hukumar ƙidayar Amurka take yawan bayyana kuɗin shigar gidaje da na biyun.

Hajiya Mai Alli:
Wa'alaikumus salam Malam. Ka bar wa mean "matsakaici", tunda kunne ya saba da shi a rediyo. Median kuma "ɗan tsakiya".

Malamin Bronx:
Hajiya, in adadin cika ne fa? A 2, 3, 5, 9 amsar 4 ce, wato tsakiyar 3 da 5, kuma babu 4 a jerin. "Ɗan tsakiya" zai sa yaro ya riƙa laluben wata lamba a cikinsu.

Hajiya Mai Alli:
Gaskiyarka. To "tsakiyar jeri". Tsakiya wuri ce, ko da ba kowa tsaye a wurin.

Baba Mai Ƙamus:
Kalma biyu bayani ce, ba suna ba. Na daɗe ina cewa "tsakajere". Kalma ɗaya, Hausa tsantsa, tana karɓar jam'i: tsakajeru. Dubi yadda muka samu "faɗi-tashi" da "ɗauki-ɗaiɗai".

Ɗan Damagaram:
Baba, mu nan a makaranta "mediyan" muke ji, daga Faransanci. Kalmar ma can ta fara: Cournot, masanin lissafi ɗan Faransa, ya yi amfani da ita a 1843, Galton, masanin ƙididdiga ɗan Ingila, ya shigar da ita Ingilishi a 1881. Yaran Malam da Turanci za su rubuta jarrabawa. A ce "midiyan" kowa ya huta.

Baba Mai Ƙamus:
Hutun nan shi ya kai mu inda ɗan jami'a ba ya iya yi wa mahaifiyarsa bayanin abin da yake karantawa. Harshen da yake da ƙamus irin na Bargery tun 1934 ba maroƙi ba ne.

Ɗan Damagaram:
Allah ya gafarta Malam, "lissafi" kansa daga Larabci yake, haka "alƙalami". Me ya sa aron Larabci ado ne, na Faransanci kuma abin kunya? Sannan duk kalmar da aka ƙirƙira a Kano sai a ce ita ce Hausa, mu na Nijar mu bi.

Baba Mai Ƙamus:
Ni Bakatsine ne, ɗana, kada ka ɗora mini kayan Kano. Waɗancan kalmomin sun yi ɗaruruwan shekaru a bakin jama'a har sun narke.

Hajiya Mai Alli:
Don Allah ku tuna mutum yana da Juma'a a gabansa. Baba, na faɗi "tsakajere" ga 'yan ajina yau, sun ɗauka sunan gari ne. Da na ce "tsakiyar jeri" sai suka fara jera lambobin da kansu. Ni abin da nake so ke nan daga kalma.

Malamin Bronx:
Na gode ƙwarai. Zan yi amfani da "tsakiyar jeri", in faɗi ta Turancin sau ɗaya a farko saboda jarrabawa. "Matsakaici" har yanzu bai kwanta mini ba, don shi ma tsakiya yake nunawa. Ina tunanin "raba-daidai", tunda aikin ke nan: a tara, a raba wa kowa daidai.

Baba Mai Ƙamus:
"Raba-daidai" ta yi, ba ni da ja. Ɗayar kuwa ka yi bidiyonka da ita, amma ni a rubutuna tsakajere zan ci gaba da sawa.

Ɗan Damagaram:
Malam, sai ka zo kan écart-type, wato standard deviation, ma'aunin yadda lambobi suka warwatsu daga mean, za ka neme ni da batun aro.