Kifin sinafa (snapper a Turance) mai ratsin shuɗi: yaya ake bambanta shi da 'yan uwansa?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Masana kifin teku, a taimaka. Kifin nan ruwan ɗorawa mai ratsin shuɗi da ke taruwa a duwatsun murjani, a wani hoton ratsinsa huɗu, a wani biyar, kuma duk sinafa ake ce musu. Jinsi ɗaya ne? Sannan me ke sa su cunkushe wuri guda duk yini, ba kiwo ba tafiya?

Gwanin Nutso:
Wa alaikumus salam, Malam. Ba ɗaya ba ne. Mai ratsi huɗu da aka fi gani shi ne Lutjanus kasmira, wanda masanin halittu Forsskål ya bayyana daga Bahar Maliya, aka buga a 1775. Mai biyar kuwa Lutjanus quinquelineatus ne. Sai dai ƙirga ratsi kaɗai ba ya raba gardama, don akwai na uku, Lutjanus bengalensis, shi ma huɗu gare shi.

Ciki za ka duba. Kasmira daga baya zuwa gefe ruwan ɗorawa ne shar, cikinsa fari, kuma a kan farin akwai wasu siraran layuka masu dishi-dishi. Na bengalensis fari ne fes, ba ko layi ɗaya. Mai ratsi biyar shi ɗorawar tasa ta sauko har ƙasa, ratsi na biyar na bi ta ƙasan ido. In kifin na hannunka, miƙar da fiffiken baya ka ƙirga ƙayoyi: kasmira 10, sai tsinkayen fiffike masu laushi 14 ko 15, bengalensis kuwa ƙayarsa 11 ko 12.

Kada ka dogara da baƙin tabon da ke gefen baya. Mai biyar ya fi yawan samunsa, amma wani kasmiran ma yana da shi. Kuma launi na dusashewa da wuri bayan kifi ya mutu, a nan ne masu dubawa suka fi yin kuskure.

Mai Nazarin Murjani:
Bayani ya yi, Malam. Batun cunkushewa kuma, hutu suke yi. Kifin dare ne. Da rana sukan taru ɗaruruwa a gindin murjani, bakin kogo ko cikin jirgin da ya nutse, kai duk ya fuskanci inda ruwa ke tahowa. Taron kariya ce, babban kifi ba ya iya tsayar da ido kan ɗaya. Da magariba ta yi sai garken ya watse, kowa ya bi yashi da tarkacen duwatsu yana farautar jatan lande, ƙaguwa, ƙananan kifaye da ƙananan halittun teku masu hannuwa da yawa irin su oktofus.

Yawanci tsawon kasmira santimita 25 ne, babba ya kai 40. Ana samunsa daga gabashin Afirka da Bahar Maliya har tsibiran Markesas da ke tekun Pasifik, daga kudancin Jafan zuwa Ostireliya. Masu nutso a ruwa mara zurfi suke ganinsa, amma an kamo shi a zurfin da ya wuce mita 200. Ƙwansa a saman ruwa yake yawo, ya ƙyanƙyashe kafin kwana guda, ƙananan kuma su girma cikin ciyawar teku kafin su shiga garke.

Ka lura da garken da kyau, ba duka ne sinafa ba. Akwai wani kifi mai gemu biyu a haɓa, Mulloidichthys mimicus, da ya kwaikwayi launinsu sak yana fakewa a cikinsu. Ya fi su siranta, fiffiken bayansa kuma biyu ne a rabe.

Mai Neman Sani:
Allah ya ƙara basira. To shi ne wanda ake cewa yana da guba?

Tsohon Masunci:
Ɗana, ƙaurin sunan na wansa ne, Lutjanus bohar, jan sinafa mai manyan fiƙa da ke kai santimita 90. Yana ƙarami za ka ga farin ɗigo biyu a bayansa. Gubar, sigwatera, ba jikinsa ke yin ta ba. Wata ƙwayar halitta ce ke yin ta, Gambierdiscus, da ke manne a ganyen teku. Kifi mai cin ganye ya ci, babba ya cinye shi, haka take taruwa, ta fi yawa a hanta da kayan ciki. Shi ya sa girman kifi ke ƙara haɗari. Dafuwa, suya, gishiri, ƙanƙara, babu mai kashe ta, ba ta kuma da wari ko ɗanɗano. Alamarta amai da gudawa, ƙaiƙayi a leɓe da yatsu, sai abu mai sanyi ya riƙa ƙona mutum.

Kasmira ƙarami ne, haɗarinsa bai kai haka ba, ana kuma cinsa sosai. Amma gubar wuri take bi, don haka a tambayi masuntan yankin kafin a ci kowane kifin murjani.

Gwanin Nutso:
Haka ne, Baba. Ƙari ɗaya: kasmiran da ake gani a Hawai ba ɗan asalin can ba ne. A 1958 aka kai shi daga Markesas don a ƙara kifin ci, ya hayayyafa ya mamaye tsibiran. Masuntan can na ƙorafin yana rigan manyan kifaye cin koto, ga shi ba ya daraja a kasuwa.