Dan Allah a ba ni shawara, in bar koyarwa a ƙauye in tafi gidan kaji ko in zauna?

Abu Sadiq: Assalamu alaikum jama'a. Wallahi kaina ya kulle ne shi ya sa na kawo maganar nan. Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Lere, ba nisa da Saminaka. Ina da NCE, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, albashina dubu 25 ne kuma tun kafin a cire tallafin mai a 2023 haka yake, azuzuwa kawai aka ƙara mana. Babanmu ya rasu ya bar gona, mu tara ne kuma har yau ba a raba ba saboda baffanmu ya ce akwai gefen da nasa ne tun zamanin kakanmu, an je gaban mai unguwa an je gaban dagaci, yayana ya yi fushi ya koma Jos, ni nake noma ɗan gefen da babu rigima a kai, ga mahaifiyarmu da hawan jini ni ke sayen magani. Yanzu wani abokina ya samo min aiki a wani gidan kiwon kaji ta hanyar Abuja, dubu 60 da wurin kwana, sun ce in ba da amsa kafin ƙarshen wata. Abin da ke ƙona min rai, a nan duk wanda na duba, mai dako a kasuwa, yaron birkila, mai POS, a rana mai kyau sun fi ni samu, amma nasu ba kullum ba ne. In tafi ko in zauna?

Alhaji Mai Hatsi: Wa alaikumus salam. Ƙanena kada ka je ko'ina. Kana zaune kusa da kasuwar masara irin ta Saminaka, tireloli na zuwa daga ko'ina suna lodi, ka ce za ka je kwashe kashin kaji? Ka nemi wani babban dillali ka tsaya a gefensa ka koyi awo da sayen kaya a ƙauye, da kaka ka saya ka ajiye, da bazara ka sayar. Duk mai kuɗin da ka sani a yankinku ta nan ya bi, ba ta albashi ba.

Maman Ilham: Malam ba ka faɗa mana ba, kana da iyali? In ka tafi wa zai zauna da Hajiya? Kuma dubu 60 ɗin da abinci ne ko kai za ka ci da kanka?

Kwamared Bala: Bari in gyara wani abu kafin a yi nisa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa dubu 70 ne tun Yulin 2024, Gwamna Uba Sani kuma ya amince da dubu 72 a jihar Kaduna. To amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta hau kan masu aikin gona na lokaci guda ko waɗanda ake biya gwargwadon abin da suka yi ba. Ka ga kusan duk aikin ƙauye ya fita ke nan, shi ya sa mai makaranta zai ba ka 25 ya kwana lafiya. Ka tambaya mutum nawa ke aiki a gidan kajin, in sun kai 25 to 60 ɗin ma sun rage maka. Kuma ka ce su ba ka takardar ɗaukar aiki, kada ka tafi da maganar baki.

Abu Sadiq: Na gode Kwamared, amma mai makarantarmu ba mugu ba ne, iyayen yara ne ba sa biya sai an girbe amfani. Kuma ni ba zan iya zuwa daga zuwa in fara tambayar takarda ba, abokina ne ya tsaya min, sai a ce na raina shi.

Alhaji Mai Hatsi: Ka ji ko. Takarda ba ta ciyar da kowa. Ni firamare kawai na yi kuma masu digiri biyu ne ke rubuta min lissafi a shago.

Dan Kachia: Alhaji da girmanka amma maganar nan ba haka take ba yanzu. Mu a Kachia da Jaba da Kagarko haka ake ce mana citta ita ce komai, 2023 cuta ta shiga gonaki ta ruɓar da ita a ƙasa, har iri ya gagara, yaran da ke samun ƙwadagon shuka da tono da tsaga duk suka watse, wasu acaba wasu Abuja leburanci. Sannan waɗanda suka ajiye masara da tsada ai kowa ya ga yadda farashi ya faɗo a 2025 ga taki bai sauko ba. Da wane jari malamin dubu 25 zai shiga wannan?

Alhaji Mai Hatsi: Faɗuwar shekara ɗaya ce, kasuwa a kai miki dole. Wanda ya ji tsoro shi ke zama yaron wani har tsufa.

Maman Ilham: Ni dai duk wanda zai ce ka jira aikin gwamnati kada ka saurare shi. Maigidana na cikin malaman firamare sama da dubu 21 da gwamnatin Kaduna ta sallama bayan jarrabawar gwajin malamai ta 2017, muna zaune lafiya rana ɗaya komai ya tsaya, 2021 kuma aka sake rage ma'aikatan ƙananan hukumomi, ƙanwata ta shiga ciki. Yanzu ɗinki na ne da ƙosai ke riƙe gidan, kuma babu mai ƙirga irin aikinmu na mata a cikin aiki, yarinyar da ke tsinar tumatir ko ɓarar masara wuni guda ana ba ta ƙasa da na namiji a gona ɗaya, wa ya taɓa magana a kai.

Baba Na Kakuri: Allah sarki. Mu da muka baro ƙauye muka shiga masaƙa a Kakuri cikin garin Kaduna mun ɗauka mun huta da fartanya har abada. Masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, ta rufe 2002, sauran suka bi baya, da yawa cikinmu sun koma gida sun tarar 'yan uwa sun cinye gonakin. Yaro in za ka tafi ka tafi, amma a raba gadon nan tukuna.

Abu Sadiq: Baba maganar gona ba za ta ƙare wannan watan ba, kuma ba na son in kai baffana kotu, shi ya riƙe mu muna yara. Ni fa ba aikin gwamnati nake jira ba, kawai dai na ji ana cewa za a ɗauki malamai kuma in na bar aji yanzu ban san ko zai shafe ni ba. Yaran aji shida ma suna gab da jarrabawa, in bar su a hannun wa?

Kwamared Bala: To ai jiran ke nan Malam. Kuma har yanzu ba ka amsa tambayar Maman Ilham ba.

Alhaji Mai Hatsi: Ka same ni ranar kasuwa in haɗa ka da wani a Saminaka, magana ta ƙare.

Abu Sadiq: Na gode Alhaji, sai dai ranar ina da darasi har ƙarfe biyu. Akwai wanda ya taɓa aiki a gidan kaji a nan ya faɗa min ko suna barin mutum ya zo gida lokacin shuka?