Ƙafar Baba na ɗaurewa in ya yi tafiya: a buɗe jijiyar ko a fara da magani?

Babbar Ya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Baba na da shekara 67, yana da suga, yana shan taba. In ya ɗan yi tafiya sai sha-raɓarsa ta dama ta ɗaure, ya tsaya minti biyar ta sake shi. Likita ya ce awon jinin ƙafarsa, wato ABI, 0.7 ne, jini ba ya isa ƙafar sosai. Mu nemi a buɗe jijiyar jinin da balan-balan (ɗan balo da ake zurawa cikinta a hura), ko mu fara da magani?

Nas ɗin Tiyata: Wa'alaikis salam. Awon nan, ƙarfin jinin idon sawu ake rabawa da na damtse, daga 0.9 zuwa ƙasa akwai toshewa. Muddin sai ya yi tafiya yake ciwo, ba a gaggawar buɗewa. Tafiyar ce magani: ya yi har ciwon ya kama, ya huta, ya ci gaba, minti 30 zuwa 45, sau uku a mako, tsawon mako 12. Sai statin, maganin rage kitsen jini, da asfirin miligiram 75 in likita ya amince. Tabar kuma a yar.

Kawu: A ɗora ƙafar kan filo, a sa masa safa mai matsewa.

Nas ɗin Tiyata: Haba Kawu, wannan na kumburin ƙafa ne. Jinin da ke isowa da ƙyar za ka ƙara tarewa?

Ɗan Kemis: 81 ne asfirin ɗin, Malama.

Nas ɗin Tiyata: Na Amurka ke nan, a Ingila 75 ne.

Kawu: Raba tsoho da sigari? Gara ki ce a buɗe jijiyar, ya fi sauƙi.

Mai Wankin Miki: Ku bar gardamar lamba. Masu suga da yawa ƙafarsu ba ta jin zafi, sai a gasa ta da ruwan zafi wai saboda ta yi sanyi, fata ta saɓule, mikin ya ƙi warkewa tunda babu jini, sai yatsa ya yi baƙi a kawo mana. Ki duba tsakanin yatsunsa kullum. In ya fara saukar da ƙafar daga gado cikin dare don ya samu sauƙi, ko miki ya wuce mako biyu, maganar buɗewa ta taso. In kuwa farat ɗaya ta yi sanyi, ta yi fari, ta mutu, awa shida ake da su a ceci ƙafar, asibiti kawai.

Ɗan Fiziyo: Abin da ke ci min rai, tsoho ya ce ƙafa, sai a miƙa masa maganin ciwo diclofenac a kemis, ba wanda ya taɓa bugun jinin bayan sawunsa. Ga shi bai dace a haɗa shi da asfirin ba, yana kuma iya taɓa ƙodar mai suga.

Ɗan Kemis: Mu kuma kullum mu ne masu laifi. In mun ce a ga likita, kanti na gaba suke shiga.

Babbar Ya: To ni dai, balan-balan ɗin fa?