Masu sa manhajar waya ta tsara musu girkin mako, ya kuka gani?

Maman Ilham, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gidana kowa da nasa: maigida ba ya cin yaji saboda gyambon ciki, babbar 'yata ko warin daddawa ba ta so, auta kuwa in ba taliya ba sai rigima. Kullum la'asar na yi sai in tsaya tunanin me za a ɗora. Na ji ana rubuta wa Meta AI na cikin WhatsApp ko ChatGPT abin da kowa ke ci da wanda ba ya ci, su fitar da jadawali. Waɗanda suka gwada don Allah ku ba mu labari.

Anti Malama, Kawo:
Wa alaikumus salam. Ni da ɗaya daga cikinsu nake aiki tun bara, kuma ya rage min wahala sosai. Amma kada ki ce masa kawai "tsara min abinci". Ni nakan fara da abin da ke cikin sito: shinkafa mudu kaza, wake mudu kaza, garin masara, kuka, busasshiyar kuɓewa, manja, man gyaɗa. Sai in jera masa girke-girken da na iya da sunayensu na Hausa, tuwo miyar taushe, dambu, faten tsaki, ɗanwake, alale, garau-garau, in ce kada ya fita daga cikinsu. Sannan in gaya masa ranar Talata nake cefane a kasuwar Kawo, don haka alayyafo da ɗanyen kifi su zo Talata da Laraba, miyar kuka da ta busasshiyar kuɓewa su koma ƙarshen mako. Maganar yaji kuwa mai sauƙi ce, ki ce a yi miya ba attarugu, kowa ya barbaɗa garin yaji a kwanonsa. Na 'yarki ne mai wuya, don miyar kuka ba daddawa ai sunanta kawai miya.

Gwauron Mando:
Anti kin yi dace. Ni wata manhajar rage ƙiba na sauke, ta tambaye ni tsawo da nauyi, sannan ta ce in karya da wani hatsin Turawa da ko sunansa ban taɓa ji ba, da rana kifin salmon. A Mando! Na nemi tuwon shinkafa a ciki, sai ga shi har kala uku da lissafi daban-daban, don mutane ne ke shigarwa kowa yadda ya ga dama. Kuma malmala ɗaya ta gidanmu ta yi biyu ta gidan abinci, to wacce ake nufi? Na goge ta. Yanzu faten acca nake yi da dare, acca kuwa ga ta nan ana kawowa daga kudancin jihar Kaduna.

Maman Biyu, Rigasa:
Ni matsalata wuta. Jadawalin da aka ba ni ya ce in dafa miyar mako gaba ɗaya ran Lahadi in sa a firiza. Sai da na rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba mu da tsayayyiyar wuta, sannan aka koma min kan abin da ake dafawa a cinye a ranar, da ɗumamen safe.

Yaya Babba, Tudun Wada:
Bari in ja kunne kaɗan. Surukina yana wurinmu, yana fama da suga da hawan jini. Da muka tambayi irin waɗannan manhajoji, amsar ta zo da daɗin karatu, har da kunun gyaɗa da zuma wai "madadin sukari". Zuma ai ita ma tana ɗaga suga. Abin da muke yi yanzu, takardar da likitansa ya rubuta ita ce gaba, ita muke kwafa mu ce a jujjuya mana abinci a cikin iyakarta kawai, don kada tsoho ya gaji da wake da zogale kullum. Gishiri kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma ɗunƙulen da muke jefawa a miya yana cikin lissafin. In ba ki ambaci ɗunƙule ba, manhajar ba za ta san kina sa uku a tukunya ba. Maman Ilham, na maigidanki ma a ji ta bakin likita tukuna.

Amarya, Malali:
Ni da uwargidanmu kwana bibbiyu muke girki, kuma da sai a yi shinkafa kwana huɗu a jere ba wadda ta sani. Ƙanena ya buɗe mana Google Sheets, kowa ta rubuta abin da za ta dafa, ɗaya ta gani. Alhaji ma ya sa an ƙara masa gurbin Litinin da Alhamis saboda azumi, kunu da ƙosai da magariba. Shi ne ya fi kowa leƙawa, wai yana duba ranar waina.

Anti Malama, Kawo:
Amarya, Allah ya ƙara haɗa kanku. Na manta ban faɗa ba, a riƙa gaya masa lokacin da ake ciki. Da sanyi tumatirin noman rani ya cika kasuwa, da damina ta kama sai ya yi tsada. Waɗanda suka ga 2016, lokacin da tsutsa ta cinye gonaki har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir, sun san zancen. Farkon damina nakan ce a rage jar miya, a ƙara kuɓewa, yakuwa da rama.

Maman Ilham, Unguwar Rimi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi tsarin Anti, an ba auta taliya Laraba da Asabar, an raba wa 'yata miyarta kafin a sa daddawa. Saura tambaya ɗaya: ranar da baƙi suka sauka ba sanarwa, kuna sake jadawalin ne gaba ɗaya ko kuna tura na ranar zuwa gobe?