Me ya sa fukafukan tobain ba sa narkewa?

Dalibin_Inji: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min, malaminmu ya ce wutar da ke dukan fukafukan tobain (wato farfelar da iska mai zafi ke juyawa) na injin jirgin sama tana wuce digiri 1500 a ma'aunin Celsius alhali haɗin ƙarfen nikel ɗin da ake ƙera su da shi yana narkewa wajen 1300 zuwa 1400, to yaya ake ba sa narkewa? Abin ya tsaya min a rai wallahi.

Bakanike_Kd: Wa alaikumussalam ƙanina. Ai cikinsu rami ne, ana ɗibar iska daga kwamfuresa (ɓangaren injin da ke matse iska) a tura ta ciki tana zagayawa, sai ta fito ta wasu ƙananan huduji kamar na allura ta lulluɓe ƙarfen, wutar ba ta taɓa shi kai tsaye. Iskar ma kusan digiri 600 take, amma kusa da waccan wutar sanyi ce.

Maman_Sadik: Kar a manta da shafen tangaran na zikoniya (wani sinadari mai tare zafi) da ake musu.

Bakanike_Kd: Haka ne Hajiya. Kuma ƙura ce babbar abokiyar gaba, na taɓa riƙe fiffike ɗaya a hannuna yashi ya toshe hudujin gefen ya ƙone ya yi baƙi ƙirin, shi ya sa a tashoshin lantarki masu aiki da gas ba a wasa da filta lokacin hazo.